Man kaɗe ko man kwalba? Ku karanta kafin ku shafa



Yau ina so mu yi hira a kan abin da kowa ke yi kullum, amma ba a cika zancensa cikin aji ba. Ina nufin abin da muke wanka da shi, da abin da muke shafawa a jiki.

Kun san halin da fata ke shiga idan hunturu ya kama. Ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, yara su yi fururu kamar an birkiɗa su cikin toka. Ranar kasuwa sai ka ɗauki ƴan kuɗinka ka tafi neman man shafawa. A bakin hanya ga mai tebur ya jera kwalabe, ja da fari da ruwan ɗorawa, kowace da hoton mace tana murmushi. Can ciki, layin masu kayan miya, ga wata tsohuwa zaune da ƙwaryar man kaɗe, ta rufe da ganye. To, wa za ka ba kuɗinka?

Ga ra'ayina tun da fari. Mu gwada na gida, domin da yawansa ya fi na kwalba amfani, kuma ya fi araha. Amma mu gwada da ido buɗe. Sunan «na gargajiya» bai isa shaida ba, kyan kwalba ma bai isa shaida ba. Ku da kuka iya karatu yanzu, kuna da makamin da kakanninmu ba su samu ba: kuna iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Yadda muka bar na gida

Kakanninmu ba ƙazamai ba ne. Suna wanka da sabunin salo. Suna shafa man kaɗe, da man alayyadi, da man shanu a gashi. Mata suna wanke kai da karkashi, suna ƙunshi da lalle. Kowane dattijo yana da asuwaki cikin aljihu. Duk waɗannan, ko dai a gona suke, ko a daji, ko a kasuwar ƙauye.

Sannu a hankali kayan kanti suka shigo. Muka ga suna da ƙamshi, suna da kwali mai kyau. Sai muka fara jin kunyar namu. Yarinya ta shafa man kaɗe, ƙawayenta su ce tana warin ƙauye.

Manya daga cikinku suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa. Kafin ranar, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne. Da gari ya waye ya koma sefa 100. Kayan da ake kawowa daga Turai suka yi tashin gwauron zabo. A lokacin gidaje da yawa suka koma wa sabunin salo da man kaɗe, ba don so ba, don dole. Jikin wa ya lalace? Babu. Da sauƙi ya samu, sai muka sake mantawa.

Gwajin da na yi

Ba na son in gaya muku abin da ban gwada ba. Wani hunturu na ajiye man kwalba, na ce wata 2 ba abin da zan shafa sai man kaɗe. Na sayo curi ɗaya, na zuba cikin gwangwani mai murfi.

Kwanakin farko ban ji daɗi ba, gaskiya. Yana da tauri da sanyin safiya, kuma warinsa ya dame ni. Wata tsohuwa ta ga yadda nake yi, ta yi dariya. Ta ce: «Ɗana, ai ba miya ba ce. Ɗan kaɗan ake ɗiba, a murza a tafin hannu har ya narke, a shafa tun jiki da sauran damshin wanka.» Na bi maganarta. Kafin sati 2 fason ƙafata ya fara rufewa, ƙaiƙayin ƙwauri ya tafi. Warin kuma, ashe ba duk man kaɗe ke da shi ba. Wanda aka yi da ƙwara mai kyau, aka tace da kyau, warinsa kaɗan ne. Wanda ya tsufa, ko ya sha rana, shi ke yin ɗoyi.

Amma ku ji sauran labarin. Na gwada wani sabunin salo a lokacin, ya ƙone mani fuska, har fata ta yi saɓa. Toka ta yi masa yawa. Na canza mai sayarwa, na samu mai laushi, ban sake jin komai ba. Daga nan na gane cewa na gida ma akwai mai kyau, akwai maras kyau. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da muka raina, wasu na nema

Itacen kaɗe ba ya tsirowa ko'ina cikin duniya, sai a wani yanki na Afirka, daga Senegal har Uganda. A ƙasarmu an fi samunsa a kudu, wajen Gaya da kudancin jihar Doso. Wanda ke zuwa kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, mafi yawansa daga kudu yake fitowa, har da Najeriya da Benin.

Aikinsa ba wasa ba ne, kuma aikin mata ne. Da farkon damina suke tsintar ƴaƴan da suka faɗo. A cinye naman, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa. A daka ƙwarar, a soya, a niƙa. Sannan a zuba ruwa a yi ta bugawa da hannu har mai ya taso sama. A kwashe, a dafa, a tace, a bar shi ya yi barci. Idan kun ga curi ɗaya a kasuwa, gumin kwanaki ne.

Wannan man da muke rainawa, jiragen ruwa ke ɗaukarsa zuwa Turai da Amurka. Wani kamfanin Faransa mai suna L'Occitane ya fara sayensa daga hannun matan Burkina Faso tun shekarun 1980. A can sai a zuba shi cikin ƙaramin gwangwani, a rubuta «beurre de karité», a sayar da tsada. Har cikin cakulan ake sa shi. Karkashi ma, wanda muke yin miya da shi, ƴan Cadi suna kiransa ambunu, kuma ana aika shi ƙasashen waje don wankin gashi. Lalle kuwa, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

To, ɗan'uwa, idan abinmu ya je Turai ya sa riga ya komo, sai mu saye shi ninki goma. Idan yana cikin ƙwarya a gabanmu, sai mu kau da kai. Wannan wane irin ciniki ne?

Kalmomi biyu da za ku gani a kwalba

Masu kamfani sun gane mutane na son abin da ya fito daga itace. Don haka za ku ga kalmomi biyu da Faransanci a jikin kwalabe da yawa: «naturel» da «bio». Ku dube su da kyau, ku rubuta su cikin littafinku.

«Naturel» na nufin abin da ya fito daga itace, ko dabba, ko ƙasa. Amma kalma ce kawai. Kowa na iya buga ta a kwali, ko da man itacen da ke ciki bai fi ɗigo ba.

«Bio» na nufin an noma abin ba takin zamani, ba maganin ƙwari. Na gaskiya, sai masu bincike sun zo sun duba, sun ba da takardar shaida. Amma a kasuwanninmu wa ke tambayar takarda? Mai damfara ma ya iya rubuta haruffa 3. Ku tuna kuma, itacen kaɗe na daji ba wanda ke zuba masa taki ko magani. Man kakarku «bio» ne tun ba a ƙirƙiro kalmar ba.

Don haka kada ku tsaya a gaban kwalba. Ku juya bayanta. Akwai ƙananan rubutu, jerin abubuwan da aka haɗa. A ƙa'ida, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Sau da yawa kalmar farko ita ce «Aqua», wato ruwa. Man kaɗe kuma ana rubuta shi «beurre de karité» ko «Butyrospermum parkii». Idan kun same shi can ƙarshen jeri, ku san ɗan kaɗan ne aka ɗiga, don a samu abin rubutawa a gaba. Ku duba kuma ranar da man zai lalace. Idan babu jeri, babu rana, babu sunan ƙasar da aka yi shi, ku ajiye wa mai tebur abinsa.

Garin neman gira

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Cikin kwalaben nan akwai waɗanda ba don laushin fata aka yi su ba, don a sa mutum fari ne. Wasu na ce masa bilicin. A jikinsu za ku ga hoton karas, ko gwanda, ko lemun tsami, a rubuta «naturel» da manyan baƙaƙe. Ƴar'uwa, karas ba ya mai da baƙar mace fara cikin sati 2. Idan mai ya yi haka, akwai wani abu a ɓoye.

Abubuwa 3 aka fi ɓoyewa. Ku koyi sunayensu kamar yadda kuka koyi sunayen ƴaƴanku.

Na farko «hydroquinone». Yana hana fata yin launinta. Da farko fuska ta yi haske. Idan an daɗe, sai kumatu su yi baƙin tabo kamar ƙuna, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, sauran hannu fari. Wannan tabo yana da wuyar fita ƙwarai.

Na biyu «clobétasol» da danginsa, irin su «bétaméthasone». Waɗannan magunguna ne masu ƙarfi, likita ke rubuta su don wasu cututtukan fata, na ƴan kwanaki. Mai shafa su kullum, fatarta za ta yi siriri har jijiyoyi su fito. Nankarwa ta tsattsaga jiki, ƙuraje da makero su samu wurin zama. Ciwo ba ya saurin warkewa, ko ɗinki aka yi bayan tiyatar haihuwa sai a sha wahala. Yana shiga jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

Na uku «mercure», wato zaiba. Ana sa ta cikin mai da sabuni. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi. Tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki, tana shiga nono. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya don rage zaiba, suka sa mata sunan Minamata, wani gari a Japan inda zaiba ta halaka mutane da yawa.

Maƙwabtanmu sun ɗauki mataki. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015. Gana ta hana masu «hydroquinone» a 2016. Amma doka ba ta tsare kowace iyaka, kuma masu haɗawa a gida cikin roba ba sa rubuta komai. Mafi haɗari ke nan: man da aka ce «haɗi na musamman», ba suna, ba jeri.

Baƙar fata ba cuta ba ce da za a nema mata magani. Launin nan shi ke kare mu daga zafin ranar ƙasarmu. Mai kankare shi kamar mai yaye rufin ɗakinsa ne ana tsakiyar bazara. Garin neman gira a rasa ido.

Kai kuma ɗan'uwa, kada ka ce wannan zancen mata ne. Wa ke cewa sai fara zai aura? Wa ke yaba ta waje a gaban matarsa don ta fi ta haske? Idan maza suka daina, rabin masu teburin nan za su canza sana'a. Kuma ba mu manta ba, akwai mazan da ke shafawa a ɓoye.

Na gida ma a yi hattara

Wani zai ce: «To, shi ke nan, duk abin da ya fito daga kasuwar ƙauye lafiya lau ne.» A'a. Tunya ma itace ce, amma ba mai sa ruwanta a ido. Ga wurare 4 da nake so ku kula.

Na ɗaya, baƙin lalle. Lalle na gaskiya ganye ne. A shanya, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa. Launinsa ja ne, ko ja mai duhu, kuma yana son awoyi kafin ya kama. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin ƴan mintoci, an haɗa shi da sinadarin rinin gashi, wanda ake rubutawa «PPD». Na ga wata amarya a unguwarmu, an yi mata zane da shi ana sauran kwana 5 biki. Ranar ɗaurin aure hannuwanta sun kumbura, duk inda zanen ya bi ya yi ƙuraje masu ruwa. Ta shiga ɗakin miji da ƙyalle a hannu, kuma tabon furannin ya daɗe bai ɓace ba. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin wannan sinadari, to, ya ƙi shi ke nan har abada. Kada kuma a zuba fetur ko kalanzir cikin lalle don ya kama. Jarirai kuwa, ko jan lalle kada a sa masu, domin akwai yaran da yake fasa wa jini, idonsu ya yi ɗorawa.

Na biyu, kwalli. Na san wannan magana tana da nauyi, domin mun gaji kwalli iyaye da kakanni. Amma dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci suka samu dalma cikin jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan wasu ƴan Najeriya. Da aka bincika, sai aka gano tozalin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na tozalin dalma ce. Yaro yana murza ido, ya sa hannu a baki, dalma ta shiga ciki. Ba ta nuna kanta da wuri. A hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso ba ya riƙe karatu. Mutanen Maraɗi sun ji labarin Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Can ba kwalli ba ne, amma gubar ɗaya ce. Shawarata: kada a sa wa jariri da ƙaramin yaro kwalli, mai ciki ma ta haƙura. Idon jariri da kyansa ya zo.

Na uku, cibiyar jariri. Man kaɗe na da kyau a jikin yaro, amma ban da cibiyar da ba ta warke ba. Kada a sa mata mai, ko toka, ko ƙasa. Ta nan ƙwayar cuta ke shiga, har da mai sanƙarar da jariri ya kasa kama nono, wadda likitoci ke kira tetanos. A bar cibiya da tsabta, a bushe. Idan ungozomar likita ta ba ku maganin cibiya, shi kaɗai za a sa, kuma kada ya kusanci ido.

Na huɗu, sabunin salo. Ana yinsa da ruwan toka, irin ta karan hatsi, a dafa da mai. Idan ruwan toka ya fi mai yawa, sabunin zai ci fata, kamar yadda ya yi mani. Wasu kuma soda suke zubawa ba awo. Sabunin da ke sa hannu zafi, a bar shi ga wankin tufafi da tukwane.

Ba duk na kanti ne abin gudu ba

Kada ku ce na ce a zubar da duk abin da ya fito daga kanti. Ga misali. Asuwaki abu ne mai kyau, sunna ce, kuma yana wanke haƙori sosai idan ana yanke bakinsa ana sabuntawa. Reshen dogon yaro ma yana yi. Amma man goge baki mai ɗauke da «fluor» yana ƙarfafa haƙori, yana rage ruɓewa, balle ga yaran yanzu masu shan alewa. Wanda ya samu hali ya haɗa biyun, ya yi daidai. Gawayi da toka kuwa, idan ana dirzawa kullum, suna cinye bayan haƙori.

Haka kuma man kaɗe ba ya maganin ƙazuwa, ba ya kashe makero. Idan ƙuraje sun ƙi tafiya, ko wani tabo ya fito a fata wanda ba ya jin taɓi, ku tafi likita. Kada a tsaya shafe-shafe har ciwo ya yi nisa.

Yadda za ku gwada

Ga hanya mai sauƙi, ko na gida ne ko na kwalba.

Ku gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan kun canza sabuni da mai rana guda, kuraje suka fito, ba za ku san mai laifi ba.

Ku shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu, inda fata ke da laushi. Ku jira kwana 2. Idan wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, wannan abu ba naku ba ne, ko da ya karɓi maƙwabciya. Baƙin lalle da man sa fari, su ba a gwada su ma sam.

Ku sayi kaɗan da farko, wajen wadda kuka sani. Ku shinshina. Ku murza a hannu: man kaɗe mai kyau yana narkewa da ɗumin jiki, ba ya barin tsakuwa. Ku tambaye ta: «Inna, na bana ne? An haɗa da wani abu?» Matambayi ba ya ɓata.

Ku ajiye shi cikin abu mai murfi, a inuwa. Ku ɗiba da hannu mai tsabta. Mai son ƙamshi ya ɗiga ɗan turaren da jikinsa ya saba da shi.

Sannan ku ɗauki alƙalami. Ku rubuta ranar da kuka fara, da kuɗin da kuka kashe, da abin da kuka gani bayan sati 2, da bayan wata 1. Karatun da kuka koya ba don sa hannu a takarda kaɗai ba ne.

Mu yi lissafi

A ce kwalbar mai jika 2 ce, kuma tana ƙarewa cikin wata 1. A shekara jika 24 ke nan. A ce man kaɗen da zai kai ku wata 1 dala 100 ne, wato rabin jika. A shekara jika 6 ke nan. Ku ɗebe 6 daga 24. Saura jika 18. Wannan misali ne kawai. Ku sa farashin kasuwarku ku gani. Abin da ya rage, tiya nawa ta hatsi zai saya? Littafi nawa na ɗan lakwal?

Ku duba kuma inda kuɗin ke tafiya. Na kwalba, mafi yawansa ƙetare iyaka yake yi. Na ƙwarya, yana shiga hannun mace irinku, ta sayi gishiri, ta kai ɗanta likita.

Sai dai akwai sharaɗi. Ba man kaɗe sai da itacen kaɗe. Itacen nan yana yin shekara 15 ko fiye kafin ya fara ƴaƴa, amma yana iya rayuwa fiye da shekara 200. Mai gatari kuwa, da hantsi ɗaya zai kayar da shi don gawayi ko turmi. Manoman jihar Maraɗi sun nuna wa duniya hanya tun shekarun 1980 da sassaben zamani: a bar kututture ya tofo, a gyara rassansa, a bar shi ya girma cikin gona. Da haka itatuwa miliyoyi suka komo ƙasarmu. Wanda ke da kaɗe, ko aduwa, ko lalle a gonarsa, ya riƙe su da kyau. Jikokinsa za su shafa.

Abin da nake roƙonku

Ƴar'uwa, jikinki amana ce. Ba ki da wata fata a cikin akwati da za ki canza idan wannan ta lalace. Ɗan'uwa, kai ke ba da kuɗin kasuwa, ka san abin da ake sayowa da su.

Ban ce ku yarda da ni don na rubuta ba. Yau idan kun koma gida, ku ɗauko duk kwalbar da ke ɗaki. Ku juya bayanta, ku karanta a hankali, harafi bayan harafi. Idan kun ga ɗaya daga cikin sunayen nan 3, kada ku ba wata, kada ku shafa wa yaro. Wadda ta daɗe tana shafa man sa fari, ta je likita a nuna mata yadda za ta daina, domin dainawa farat ɗaya na iya tayar da ƙuraje. Ba abin kunya ba ne. Kalmar da ta gagare ku, ku kawo kwalbar aji gobe, mu karanta tare da malam.

Ranar kasuwa mai zuwa kuma, ku ratsa layin masu kayan miya. Ku gai da tsohuwar nan mai ƙwarya, ku sayi na dala 20, ku gwada. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mu tattauna cikin aji

1. Waɗanne kayan wanka da na shafawa ake yi a garinku? Su wa ke yinsu?

2. Waɗanne sunaye 3 ne za ku nema a bayan kwalba? Ku rubuta su ba tare da kun duba ba.

3. Idan ƙanwarku za ta yi aure, ta ce sai baƙin lalle, me za ku gaya mata?